Kenneth Onwuka Dike (1917–1983): Malamin Da Ya Zaɓi Tarihi

A kowace shekara, idan lokacin cika takardar JAMB ya zo, gidajen masu bi da yawa sukan shiga muhawara iri ɗaya. Uba yana so ɗansa ya karanta likitanci, uwa tana so 'yarta ta zama lauya, kawu kuma yana ganin babu kamar aikin injiniya. Yaron da ya ce shi tarihi yake so, ko kuwa aikin koyarwa, sai a dube shi kamar wanda ya rasa abin yi. Tambayar da akan yi masa ita ce, da me zai ci abinci, da me kuma zai riƙe iyali? Tambaya ce mai nauyi, bai kuwa kamata a raina iyayen da suke yin ta ba. Domin haka a wannan fitowa shafinmu na rayuwar magabata ya kawo labarin wani ɗan ikilisiya da ya zaɓi tarihi tun a zamanin da manyan masanan Turai suke ganin Afirka ba ta da tarihin da za a karanta. Sunansa Kenneth Onwuka Dike, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ibadan.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Dike ranar 17 ga Disamba, 1917, a garin Awka, wanda yau shi ne babban birnin Jihar Anambra. Awka gari ne da ya yi suna da maƙera, waɗanda sukan bi gari gari da kayan sana'arsu har ƙasashen da ba na Igbo ba. Iyayensa sun rasu tun yana ƙaramin yaro, kakansa da wansa suka riƙe shi. Ya tashi a lokacin da mulkin Turawan Ingila ya zauna da gindinsa, shekara uku kacal bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, amma dattawan da suka ga zamanin da ya gabaci zuwan Bature suna nan da ransu, suna ba da labari da bakinsu.

Bayan makarantar firamare, ya shiga makarantar sakandare ta Dennis Memorial da ke Onitsha, wadda mishan ɗin CMS ta ikilisiyar Anglikan ta buɗe a 1925. An sa wa makarantar sunan Thomas John Dennis, ɗan mishan ɗin da ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Igbo, wadda aka buga a 1913. Dennis ya rasu a teku a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wato a shekarar da aka haifi Dike. Daga Onitsha sai Kwalejin Achimota a ƙasar da ake kira Ghana a yau, daga can kuma sai Kwalejin Fourah Bay da ke Freetown a Saliyo. CMS ce ta kafa Fourah Bay a 1827, Samuel Ajayi Crowther yana cikin ɗalibanta na farko, tun daga 1876 har zuwa zamanin Dike kuma digirin Jami'ar Durham ta Ingila take bayarwa. A nan Dike ya sami digirinsa na farko. Duk wanda ya bi wannan hanya da ido zai ga hannun ikilisiya a cikin rayuwarsa: makarantun da baikon masu bi da wahalar 'yan mishan suka gina, su ne suka ɗauki maraya daga Awka suka kai shi ƙofar jami'a.

Zaɓin Fannin Karatu

A zamanin mulkin mallaka, ɗan Afirka da ya sami zarafin ƙetare teku domin karatu yakan nufi aikin lauya ko likitanci, gama su ne suke kawo kuɗi da girma, suna kuma ba mutum damar tsayawa da ƙafarsa ba tare da jiran albashin gwamnati ba. Dike ya tafi Jami'ar Aberdeen a ƙasar Sikotilan ya karanta tarihi, ya gama a 1947. Daga nan ya wuce Kwalejin King's ta Jami'ar Landan domin digirin digirgir, wanda ya kammala a 1950.

Kafin mu gane nauyin wannan zaɓi, sai mun san abin da ake kira tarihin Afirka a jami'o'in wancan lokaci. Abin da ake koyarwa shi ne labarin Turawa a Afirka: wane ne ya fara ganin wane kogi, wane gwamna ya kafa wace doka, wane kamfani ya sami wane izini. Mutanen ƙasa kuwa ba su da wani matsayi a cikin labarin sai na waɗanda aka tarar, aka ci da yaƙi, aka mulka. Hujjar masanan ita ce, tarihi sai da rubutattun takardu, su kuma a ganinsu baƙar fata ba shi da su. Wannan ra'ayi ya daɗe ƙwarai, domin har a 1963 wani babban farfesan tarihi na Jami'ar Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya maimaita shi a bainar jama'a.

Ra'ayin ba shi da tushe ko ta wajen rubutun ma. A ƙasar Hausa akwai littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, akwai kuma Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. A Borno, limamin Mai Idris Alooma, Ahmad ibn Fartuwa, ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen sarkinsa tun a ƙarni na 16. A cikin ikilisiya ma an sami waɗanda suka riga Dike: Fasto Carl Christian Reindorf ya buga tarihin mutanen Gold Coast da Asante a 1895, Samuel Johnson, limamin Anglikan, ya gama tarihin Yarbawa a 1897, rubutun ya ɓace a hannun masu buga littafi a Landan, sai ƙanensa Obadiah ya sāke haɗa shi aka buga a 1921, Akiga Sai, ɗaya daga cikin Kiristoci na farko a ƙasar Tibi, ya rubuta tarihin mutanensa, aka buga fassararsa da Turanci a 1939. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai shiga cikin jami'a, ya ƙware a hanyoyin binciken da masanan Turai suka amince da su, sa'an nan ya nuna musu da irin ma'auninsu cewa 'yan Afirka suna da tarihi, su ne kuma suke yin sa. Wannan shi ne aikin da Dike ya ɗauka.

Littafin Da Ya Buɗe Hanya

Binciken digirinsa a kan ciniki da siyasa ne a yankin Neja Delta, inda Kogin Kwara ya rarrabu ya shiga teku. An buga shi littafi a Oxford a 1956 da sunan Trade and Politics in the Niger Delta, yana duba shekarun 1830 zuwa 1885. Dike ya karanta takardun ofishin harkokin waje na Ingila da rahotannin jakadu da na 'yan kasuwa, amma bai tsaya nan ba. Ya haɗa da labaran da mutanen yankin suka gāda daga bakin iyaye da kakanni, yana auna wannan da wancan.

Abin da ya fito fili shi ne, bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, manja ya zama babban abin da jiragen Liverpool suke zuwa nema, domin masana'antun Ingila suna bukatarsa wajen yin sabulu da shafa wa injuna. Garuruwan bakin teku irin su Bonny da Brass da Kalabar su ne suka riƙe wannan ciniki. Suna da sarakuna da manyan gidajen ciniki, kowane gida da jiragen ruwansa na fatauci da na yaƙi, har bawa mai ƙwazo yakan iya zama shugaban gida. Su ne suke karɓar haraji daga Bature, su ne kuma suka hana shi shiga cikin ƙasa ya saya da kansa. Littafin ya bi yadda wannan iko ya riƙa zamewa daga hannunsu sannu a hankali: Ingila ta naɗa John Beecroft jakada a yankin a 1849, a 1854 aka tuɓe Sarki William Dappa Pepple na Bonny, daga baya kuma Jaja, wanda aka kawo Bonny yana bawa, ya fita ya kafa garin Opobo ya janye yawancin cinikin manja zuwa can. Mai karatu yakan ga mutane masu dabara da buri da kuskure, waɗanda suka san abin da suke so, suka kuma yi ta ja da baƙo har ƙarfinsa ya rinjaye su. Daga wannan littafi ne masana da yawa suke ƙirga farkon sabon rubutun tarihin Afirka a jami'o'i.

A Ibadan: Aji da Ɗakin Ajiya

An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, Dike kuwa ya fara koyarwa a sashen tarihi a 1950. Ya tarar da manhaja cike da tarihin Ingila da na Turai. Ya dage har tarihin Afirka ya sami wurinsa a cikin abin da ake koyarwa da abin da ake jarrabawa a kai. A 1956 ya zama farfesa kuma shugaban sashen, ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan matsayi a can.

Tun da wuri ya gane cewa babu amfanin koyar da tarihin ƙasa idan takardun da za a rubuta shi da su suna lalacewa. Daga 1951 zuwa 1953 ya zaga ofisoshin gwamnati yana duba halin da tsofaffin fayiloli suke ciki, inda gara da danshi da rashin kula suke cinye su. Rahoton da ya rubuta shi ya sa aka kafa ofishin ajiyar takardun gwamnati a 1954, wanda ya zama Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, aka yi mata doka a 1957, shi ne kuma shugabanta na farko. Hedkwatarta ta farko tana Ibadan, aka kuma buɗe rassa a Enugu da Kaduna. Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ma'ajiyar Kaduna yana neman labarin gundumarsu, ko na sarautar garinsu, ko takardar iznin da aka ba wata mishan ta kafa tasha, yana cin moriyar wannan aiki ne.

Mai karatun Littafi Mai Tsarki ba zai yi mamakin darajar irin wannan aiki ba. A Littafin Ezra sura 6, aikin ginin Haikali ya tsaya saboda masu hamayya, sai da Sarki Dariyus ya sa aka bincika ɗakunan ajiya, aka sami naɗaɗɗiyar takardar umarnin Sairus a ƙasar Mediya, sa'an nan aka ci gaba da gini. A Littafin Esta sura 6, littafin tarihin fāda da aka karanta wa sarki a daren da barci ya ƙi zuwa masa, shi ya tuna masa da alherin Mordekai. A wuraren nan biyu, wani ma'aikaci da ba a ambaci sunansa ba ya rubuta, wani kuma ya adana, Allah kuwa ya yi amfani da amincinsu ya ceci jama'arsa.

A 1955 Dike ya jagoranci kafa Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda ta fara fitar da mujallarta a 1956. Ya shugabanci hukumar kula da kayayyakin tarihi ta ƙasa, ya kuma jagoranci shirin binciken tarihin masarautar Benin. A Nuwamban 1957, da aka cika shekara ɗari da kafa mishan a Onitsha, shi aka gayyata ya gabatar da takarda a majami'ar Christ Church a kan asalin Mishan ɗin Neja, daga tafiyar 1841 har zuwa 1891, shekarar da Bishop Crowther ya rasu. Wannan tafiya ta 1841 ta shafe mu masu jin Hausa kai tsaye, domin abokin tafiyar Crowther, James Frederick Schön, shi ne ya duƙufa a kan harshen Hausa, ya buga nahawunsa a 1862 da ƙamus a 1876, tun kafin a sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ikilisiyar da ta rene shi ta sami ɗanta ya dawo yana gaya mata asalinta, yana kuma nuna cewa 'yan Afirka, irin su Crowther da Fasto John Christopher Taylor, su ne suka ɗauki nauyin aikin bishara a bakin Kwara tun daga farko.

Shugaban Jami'a

A 1960, shekarar samun 'yancin kai, aka naɗa Dike shugaban Kwalejin Ibadan, bayan Turawa uku da suka riƙe ta. A 1962 kwalejin ta rabu da Landan ta zama Jami'ar Ibadan mai ba da digirinta, shi kuma ya zama shugabanta na farko. Yana cikin kwamitin Ashby da ya duba bukatun ilimi mai zurfi a Nijeriya ya ba da rahoto a 1960. A zamaninsa aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka a jami'ar, aka kuma ƙarfafa karatun gaba da digiri na farko domin ɗalibi ya iya yin bincike a gida. A Disamban 1962 ya shugabanci babban taron farko na masana harkokin Afirka na duniya, wanda aka yi a Accra.

Ana sanin malami ta wurin almajiransa. Daga sashen tarihi na Ibadan aka sami J. F. Ade Ajayi, wanda ya rubuta tarihin mishan a Nijeriya daga 1841 zuwa 1891, aka buga a 1965, da E. A. Ayandele, wanda littafinsa a kan tasirin 'yan mishan ya fito a 1966. Da Adiele Afigbo, da Obaro Ikime, da Tekena Tamuno. Arewa ma ta sami rabonta. H. F. C. Smith, wanda daga baya aka sani da Abdullahi Smith, ya koyar a Ibadan kafin ya koma Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗalibinsa Murray Last ya yi digirin digirgir a Ibadan a kan Daular Sakkwato, yana aiki da littattafan Larabci na malaman daular, littafin kuma ya fito a 1967 a jerin littattafan tarihi na Ibadan da Dike yake babban editansu. Ga Kirista ɗan ƙabilar Igbo yana buɗe ƙofa a rubuta tarihin daular Musulunci ta Arewa da adalci, daga takardun mutanenta. Akwai darasi a nan ga ƙasar da kowane ɓangare yake son a ji labarinsa kaɗai.

Shekarun Yaƙi da Ƙarshen Rayuwa

Sanin tarihi bai keɓe shi daga masifar zamaninsa ba. A 1966 aka yi juyin mulki sau biyu, a Janairu da Yuli, aka kashe shugabanni da sojoji, aka kuma kashe fararen hula masu yawa 'yan asalin Gabas a garuruwan Arewa. Jama'a suka yi ta komawa yankunansu. Dike ya bar Ibadan ya koma Gabas, ya ajiye shugabancin jami'ar da ya yi wa hidima shekara goma sha shida. Da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, ya tsaya tare da Biyafara, ya zama ɗaya daga cikin jakadunta masu zagaya ƙasashe suna neman goyon baya, har yaƙin ya ƙare a Janairun 1970.

Masu karatunmu suna da ra'ayi dabam dabam a kan wannan mataki, gama akwai gidajen da suka rasa 'ya'ya a wannan gefe, akwai waɗanda suka rasa a wancan. Ba za mu ɓoye wannan babi ba, domin ɓoye shi saɓa wa aikin mutumin ne da kansa. Mutumin da ya gina ma'ajiyar tarihi domin Nijeriya ɗaya, shi ne kuma ya yi wa ɓallewa aiki sa'ad da ya ga jinin mutanensa. Littafi Mai Tsarki bai rufe rauni da rikicin Ibrahim ko Dawuda ko Bitrus ba, mu ma bai kamata mu mai da magabatanmu kamar waɗanda ba su taɓa shiga tsaka mai wuya ba.

Bayan yaƙi ya tafi Jami'ar Harvard a Amurka, inda ya koyar da tarihin Afirka har zuwa 1978. Bai zauna can ya ƙare kwanakinsa ba. Ya dawo gida, ya zama shugaban farko na Jami'ar Fasaha ta Jihar Anambra da aka kafa a Enugu a 1980, wadda daga cikinta Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Enugu suka fito. Abin lura ne cewa masanin tarihi aka ba amanar kafa jami'ar fasaha. Ya rasu a Enugu ranar 26 ga Oktoba, 1983, yana da shekara 65. Littafin da ya rubuta tare da Felicia Ekejiuba a kan mutanen Aro ya fito a 1990, bayan rasuwarsa. Babban ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan yana ɗauke da sunansa.

Abin Da Iyaye da Matasa Za Su Ɗauka

Da fari, ya kamata mu faɗi gaskiya. Dike ya yi karatu a lokacin da masu digiri a Nijeriya ba su da yawa, ƙofofi kuma suna buɗewa saboda Turawa suna shirin tafiya. Ba kowane ɗalibin tarihi ne zai zama shugaban jami'a ba. Albashin malamin makaranta bai cika isa ba, a wurare da yawa kuma yakan yi jinkiri. Uban da yake tsoron wannan ba marar bangaskiya ba ne, yana yin lissafin da Ubangiji kansa ya yaba wa mai shirin gini da ya fara zama ya ƙirga abin da zai kashe. Amma lissafin yana da gefe biyu. Yaron da aka tura karatun da ba shi da kai ko zuciyar yin sa yakan yi shekaru yana maimaita jarrabawa, ko ya fito da sakamakon da ba zai kai shi ko'ina ba, kuɗin iyaye kuma sun riga sun tafi. Wanda ya ƙware a fannin da ake rainawa ya fi wanda ya rarrafa ya fita daga fannin da ake yabo.

Na biyu, so kaɗai bai isa ba. Dike ya kai inda ya kai ne domin ya yi aikin da kyau har waɗanda ba sa son sakamakon bincikensa suka rasa inda za su kama shi. Saurayi ko budurwar da ke cewa tarihi take so, sai a gwada ta da abin da ake gani. Tana karanta littafi har ƙarshe ba tare da an tilasta mata ba? Tana iya rubuta shafi biyu masu ma'ana? Tana da haƙurin zama da tsoho ta saurare shi, ta kuma tambayi wani tsohon domin ta gwada maganar? Mai son koyarwa kuma, a ba shi ajin makarantar Lahadi ko darasin hutu na yara, a ga ko suna fahimta, a ga ko yana komawa da murna ko da gunaguni. Baiwa takan nuna kanta tun da wuri, aikin iyaye da fastoci da dattawa shi ne su lura da ita, su yi addu'a tare da yaron, su kuma kai shi wurin wanda yake cikin aikin ya gaya masa daɗinsa da wuyarsa.

Na uku, a san hanyoyin tun kafin a cika takarda. Mai son koyarwa yana iya bi ta kwalejin ilimi ya sami NCE, ko ya yi digirin ilimi a jami'a tare da darasin da zai koyar, ko kuwa ya gama digirinsa na tarihi sa'an nan ya ƙara difloma ta koyarwa, ya kuma yi rajista da hukumar rajistar malamai da aka kafa da dokar 1993. Jami'o'i da dama sun haɗa tarihi da nazarin hulɗar ƙasashe. Ban da aji, akwai aiki a ma'ajiyar takardu, da gidajen adana kayan tarihi irin na Jos da aka buɗe a 1952, da aikin jarida, da aikin gwamnati, da makarantun tauhidi inda ake bukatar masu koyar da tarihin ikilisiya. Wanda ya haɗa tarihi da wani harshe, Faransanci ko Larabci, da iya aiki da kwamfuta, ya ƙara wa kansa ƙofofi.

Na huɗu, bukatar tana nan. An cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare a ƙarshen shekarun 2000, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido da shi. Yaran da suka tashi a tsakani sun koyi labarin ƙasarsu ne daga jita-jita da saƙonnin waya, inda kowa yake zaɓar abin da zai hura wutar ƙiyayya. Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa, amma sai an sami wanda zai nuna wa yaro inda zai waiwaya.

Ikilisiya ma tana da nata gibin. A majami'u da yawa, littafin baftisma na farko yana cikin akwati a bayan ofishin fasto, ruwan sama da gara suna rabonsa. Littattafan minti na majalisa sun watse a gidajen tsofaffin magatakarda. Masu bishara na fari, waɗanda suka taka da ƙafa ko suka hau keke suka kai Maganar Allah ƙauyuka, suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya zauna da su ya rubuta. Luka ya gaya wa Tiyofilas cewa sai da ya bi diddigin kome daga bakin shaidun gani da ido kafin ya rubuta, daga wannan bincike kuwa muka sami Bishararsa da Ayyukan Manzanni. Joshuwa ya sa aka ɗauko duwatsu goma sha biyu daga Urdun domin yara su yi tambaya, iyaye su ba da amsa. Bangaskiyarmu ta kafu a kan abubuwan da suka faru a wurare da lokatai sanannu, aka shaida su, aka rubuta, aka koyar daga tsara zuwa tsara. Jama'ar da take da irin wannan gādo bai dace ta raina marubucin tarihi da malamin aji ba.

Muna roƙon kowace majami'a ta sa wani matashi mai hankali ya tattara tsofaffin littattafanta, ya ɗauki hotonsu, ya zauna da dattawa ya naɗi muryarsu tun suna da rai. Muna kuma roƙon iyaye, idan ɗa ko 'ya ta zo da zancen tarihi ko koyarwa, a saurare ta har ƙarshe kafin a yanke hukunci. Likita da lauya da injiniya duk ta hannun malami suka bi. Ubangiji ya ba iyaye hikima, ya ba matasanmu zuciyar biyayya da ƙwazo, ya kuma tayar mana da amintattun malamai a wannan tsara. Amin.